Yadda ake cire bambar gaba ta tsohuwar Mazda MX-5 ba tare da an karya komai ba

Mazda MX-5 ta farko, wadda masu ita ke kira NA, ita ce 'yar ƙaramar motar nan mai kujera biyu da rufin tamfol, mai fitilun gaba da ke ɗagowa daga cikin jiki su koma su kwanta. An fara nuna ta a baje kolin motoci na Shikago a watan Fabrairun 1989, a Hiroshima aka riƙa ƙera ta har zuwa 1997, kuma an fitar da sama da 400,000. A Amurka Miata ake ce mata, a Japan kuma Eunos Roadster. Ko autarsu yanzu ta haura shekara 25, saboda haka duk wanda ya riƙe ta, wata rana sai ya sauke bambar gaba: ko za a yi fenti, ko an goge ta a jikin dakali, ko ana son a kai hannu ga kwandensar esi, ko za a sauya fenda.

Aikin ba na ƙarfi ba ne. Bambar roba ce, ba ta da wani nauyi, kuma da zarar noti na ƙarshe ya fita da kanta take sakin motar. Wahalar duka tana cikin 'yan notocin da ke ɓoye a bayan fenda, inda ruwa da laka suka yi shekaru suna dukansu. Motar da ba ta da tsatsa, awa ɗaya zuwa biyu ta ishe ka. Wadda ta yi zama a ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kamar arewacin Amurka da Jamus da Ingila, ka ware mata yini guda. Ka lura kuma cewa wannan bayani na NA ne kaɗai. Wadda ta biyo bayanta daga 1998, mai fitilun da ba sa ɗagawa, tsarin hancinta daban ne.

Kayan da za ka tanada

Soket lamba 10 shi ne uban tafiya, domin kusan duk abin da ya riƙe bambar nan kansa milimita 10 ne. Ka nemi mai kusurwa shida, ba mai goma sha biyu ba, don mai goma sha biyun yana saurin cinye kan notin da ya yi tsatsa. Ka samu gajere da dogo, da ƙaramin hannun soket, da sandar ƙara tsawo, da ɗan gwiwar nan mai lanƙwasawa. Sai sifana lamba 10, wilsifana lamba 21 don tayoyi, filaya, tocila mai kyau, burushin waya, man kwance tsatsa irin WD-40, salatif na takarda irin na masu fenti, jak da ƙafafun ƙarfe biyu na dogara mota, da bargo ko tabarma mai tsabta.

Maganar sukudireba tana da ɗan bayani. Sukurorin motocin Japan na wancan zamani an yanka kansu bisa ma'aunin Japan da ake kira JIS. A ido kamar sukurun sita na yau da kullum suke, amma sukudireba ta gama-gari ba ta zama daram a cikinsu, tana danna kai tana fitowa har ta cinye ramin. In ka samu ta JIS lamba 2, madalla. In ba ka samu ba, ka zaɓi sabuwa mai kaifin baki, ka danna ta da ƙarfi kafin ka murɗa.

Ka tanadi ledoji ko gwangwanaye na ajiye notoci ka rubuta musu suna: sama, ƙasa, dama, hagu. Kuma kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton hancin motar da waya ta kowane ɓangare, musamman tazarar da ke tsakanin bamba da bonet da murafan fitilu. Da wannan hoton za ka auna aikinka wajen mayarwa.

Tun daren jiya

In da hali, a fara aikin tun kwana ɗaya kafin ranar. Karya sitiyari gaba ɗaya zuwa gefe, ka leƙa ta gaban taya, ka ja bakin robar da ta rufe cikin fenda, ka fesa man kwance tsatsa a kan duk noti da ka hango a wajen da bamba ta haɗu da fenda. Ka fesa na ƙasan mota su ma. Wasu kanikawa sukan tsiyaya man birki a kan noti mai tsatsa. Yakan yi aiki, amma a nan kada ka yarda: man birki yana cin fenti, kuma notocin nan tazararsu da fentin fenda ba ta kai faɗin yatsa biyu ba.

Fitilu, batir, da ɗaga mota

Ajiye motar a kan siminti mai lebur, ja birkin hannu, sa ta a giya, ka tokare tayoyin baya da dutse ko katako.

Abu na farko, ɗaga fitilun. A tsakiyar dashbod, kusa da maɓallin siginar gaggawa, akwai maɓallin da ke ɗaga su ba tare da sun kama ba. Danna shi. Suna a tsaye, sai ka je but ka cire kan batir, domin a wannan mota batirin yana baya ne, ta ɓangaren dama. Cire na baƙin kai, wato nagatif, ka kawar da wayar gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa ba. In rediyon motar na asali ne mai neman lambar sirri, tabbatar kana da lambar kafin ka cire.

Dalilin cire batir biyu ne, kuma babu na wasa a cikinsu. Na farko, ƙananan injinan lantarki da ke ɗaga fitilun suna da ƙarfin da za su datse yatsa, kai kuwa hannunka zai yi ta shige da fice a gefensu. Kowace fitila tana da ɗan abin murɗawa da hannu a kan ɗan injinta, ƙarƙashin hular roba. Muddin akwai wuta, murɗa shi kaɗan yana iya tayar da ɗan injin ya zagaya da kansa. Na biyu, waɗanda aka sayar a Amurka suna da jakar iska a sitiyari tun daga na 1990, kuma na'urorin da ke jin karo a hancin motar suke. Bayan ka cire batir ka ba ta kamar minti goma kafin ka fara, kuma duk wayar da ka gani a gaba wadda ba ta fitila ko ta ham ba ce, ka bar ta inda take.

Sassauta notocin tayoyin gaba tun motar tana ƙasa. Motar gajeriya ce ƙwarai, jak mai taya sau da yawa ba ya shiga ƙarƙashinta, saboda haka tun farko ka hau da tayoyin gaba kan falanki biyu. Ɗaga ta a kan babban ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, ba a kan kaskon mai ba, ba kuma a kan ƙarfen da ya tallabi lagireto ba. Sa ƙafafun dogara a gindin ƙofa, inda aka yi 'yan tsagi biyu a bakin ƙarfen don nuna wurin jak. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogara ba ne, yana fashewa ba sallama.

Ana iya yin aikin ba a cire tayoyi ba, ta hanyar karya sitiyari dama da hagu. Ni dai ina ganin wahalar da kai ne. Minti biyar na cire taya yana ba ka sararin da za ka ga notin da idonka maimakon lalube, kuma noti mai tsatsa da ake kwancewa a lalube shi ne ke karyewa.

Fitilun sigina da lamba

Dogayen fitilun sigina da ke cikin bambar, kowacce sukuru biyu ne ke riƙe da ita ta gaba. Kwance su, ka jawo fitilar a hankali, ka cire soket ɗin wayarta. Danna harshen soket ɗin da yatsa kafin ka ja, kuma ka riƙe jikinsa, ba wayar ba. A gefen bambar akwai ƙananan fitilu ruwan lemo. A motocin Amurka suna da ƙwai da waya, za ka cire su ta baya idan ka buɗe cikin fenda. A na Turai galibi madubin dare ne kawai, babu waya. In an ƙara wa motar fitilun hazo, su ma a cire wayarsu. Sauke lambar mota da maƙalinta.

Ramukan siginar nan yanzu sun zama tagoginka. Haska tocila ciki, duk abin da ka gani ya ɗaure robar waje da abin da ke bayanta, kwance shi. In kana son ƙarin sarari a sama, baƙar robar da ta kewaye kowace babbar fitila tana fita idan ka kwance sukurorin da ke gefenta biyu.

Ƙasa

Kwanta ka dubi farantin robar da ya rufe ƙasan inji. Ƙusoshi masu kan lamba 10 ne ke riƙe da shi. Sauke shi gaba ɗaya, ko aƙalla ka saki gabansa inda ya haɗu da leɓen bamba. Daga nan ka bi leɓen daga wannan kusurwa zuwa waccan da hannu da tocila. Motar da ta wuce hannun mutum uku ko huɗu ba za ka same ta yadda ta fito daga kamfani ba: wani wuri noti ya ɓace, wani wuri an ɗaure da waya, wani wuri an ɗirka sukurun katako. Kada ka dogara da lissafin kowa, bi da idonka.

Leƙa cikin bakin bambar, wato ramin da iska ke shiga, ka dubi rufinsa. Akwai maɓallan roba da suka manne fatar bamba da ƙashin da ke bayanta. Irinsu ne kuma ke riƙe da robar cikin fenda. Wasu ana zare tsakiyarsu da bakin sukudireba mai faɗi, wasu kuma tsakiyar sukurun roba ne: murɗa shi da hannu sake, ba dannawa, don in ka danna sai ya yi ta juyawa a wuri ɗaya. In ya ƙi fitowa, sa farce ko bakin wuƙa a ƙarƙashin kansa kana murɗawa. Robar da ta sha rana shekara da shekaru tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli, don haka ka sayi sababbi ko da goma ka ajiye, ba su da tsada. Ƙugiyoyin ƙarfe biyu da ke leƙowa ta bakin, na ɗaure mota a jirgin ruwa ne, a jikin shasi suke, ba ruwansu da bamba.

Cikin fenda, inda aikin yake

Saki rabin gaba na robar cikin fenda ka lanƙwasa ta baya, ko ka cire ta duka. Yi shirin ƙasa da busasshen ganye su zubo maka a fuska. Yanzu dubi layin da bamba ta haɗu da fenda daga ciki. Za ka ga sandunan ƙarfe masu zare sun fito daga jikin bamba sun ratsa leɓen fenda, an ɗaure su da noti lamba 10. Ƙasa kaɗan kuma akwai ɗan ƙarfen da ya tokare kusurwar bamba don kada ta riƙa kaɗawa a guje.

Sandunan nan kaurinsu milimita 6 ne kacal, kuma a jikin wani siririn faranti suke wanda ke manne da robar bamba. Hanya biyu suke ɓaci: ko sandar ta tsinke, ko ta ɓalle daga farantin ta riƙa juyawa tare da notin. Duka biyun gaggawa ke jawo su.

Fara da burushin waya, ka goge zaren da ya fito bayan notin har sai ka ga ƙarfe. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali notin ta kan wannan zaren zai bi ya fita. In tsatsa ta cika shi, notin zai motsa da farko sannan ya cije a tsakiya, a nan sandar ke tsinkewa. Fesa mai, ka ba shi lokaci. Zaunar da soket ya shige har gindi, ka tabbatar a miƙe yake. Sai ka ɗan ƙara ɗaure notin kaɗan, kamar za ka matse shi, don tsatsar ta fashe, sannan ka juyo baya. Kwance rubu'in zagaye, mayar da rabinsa, fesa mai, sake kwancewa. Haka za ka yi ta yi. Da ƙaramin hannun soket ake wannan aiki, kuma da gangan: dogon hannu yana ba ka ƙarfin da ya fi na sandar, ba za ka ji lokacin da ta fara murɗewa ba.

Hannunka zai gaya maka bambanci. Noti mai kwancewa yana ƙara yana sakin jiki da kaɗan-kaɗan. Sandar da ke shirin tsinkewa kuwa shiru take yi, sai ka ji abin ya yi laushi alhali notin bai matso ba. Da ka ji haka, tsaya, ka koma ga mai da burushi.

Wuta ita ce maganin tsatsa a sauran wurare a jikin mota, amma ban da nan. Roba ce a gefe ɗaya, fenti a ɗaya gefen. In notin ya ƙi sam, gara ka yanke shi da ƙaramin zarto ko ka fasa shi da abin fasa noti. In kuma sandar ta tsinke, ba a yi asarar bamba ba. Bayan an sauke ta, sai a huda gurbin da diril a zura ƙusa mai zare ta milimita 6 da washa da noti, ko a sayi sabon farantin. In walda za a yi, a raba farantin da robar tukuna.

Kwance ɗan ƙarfen tokaren ta ƙarshen da ya fi sauƙi, ba dole sai duka biyun ba. Gama gefe ɗaya, ka koma ɗayan.

Sama, sannan a jawo

Da gangan aka bar na sama zuwa ƙarshe: su ne masu sauƙi, kuma su ke riƙe da bambar kada ta faɗo maka a ka lokacin da kake kwance a ƙasa. Buɗe bonet. A hankali da shi, na alminiyam ne, in ka dogara gwiwar hannu a kansa yana lotsawa. Tsakanin fitilun biyu za ka ga jerin ƙusoshi lamba 10 a bakin bambar na sama. Kwance su daga gefe zuwa tsakiya, ka leƙa lungunan da ke gindin kowace fitila don kada ka bar wani, sannan ka bar guda ɗaya na tsakiya a sake.

Manna salatif ninki biyu a bakin kowane fenda da gefen murafan fitilu. Sandunan nan da ka sha wahalarsu, a hanyarsu ta fita suna iya zana wa fenda layi. Shimfiɗa bargo a gaban motar, ka kira mutum na biyu. Kowa ya riƙe kusurwa ɗaya, a cire ƙusar ƙarshe, a zare sandunan daga ramukan fenda, sannan a jawo bambar gaba a miƙe, tare, ba wani ya riga wani ba.

In ta taho kamar taƙi ɗaya ta tsaya, kada a fizga. Akwai abin da aka manta, kuma galibi ko maɓallin roba ne a cikin baki, ko wayar fitilar gefe, ko wata waya da tsohon mai motar ya ɗaure da ita. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya haska ya nemo.

Kwantar da ita a kan bargo a inuwa, ka cusa tsumma ko kwali a ƙarƙashinta yadda ba za ta lanƙwashe ba. Kada a jingine ta a tsaye kan kusurwa ɗaya. Robar tana jure lanƙwasa, tsohon fentin da ke kanta ne ba ya jurewa, sai ya yi tsagi sirara da ba sa gyaruwa sai da sabon fenti. Rana kuma tana iya sauya mata siffa har ta ƙi zama daidai wajen mayarwa.

Tunda hanci a buɗe yake

Abin da ya rage a gaban motar shi ne ƙashin bamba, wanda aka ɗaure a kan bakin shasi da manyan notoci. In fenti kawai za a yi, bar shi. Amma dubi bakunan shasin da kyau: ƙarfen da ya tattare, ko walda da ba ta kamfani ba, ko fentin da launinsa ya bambanta, duk alamar motar ta taɓa karo ce, ko da mai sayarwa ya rantse ba ta taɓa ba.

Wanke kwandensa da lagireto da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba in hannu ya kai, don ƙura da ƙwari su fita ta inda suka shiga. Ruwan injin wanki mai ƙarfi yana kwantar da siraran haƙarƙarinsu. Dubi kuma kan lagireton: na roba ne, baƙi yake fitowa daga kamfani, in ya koma ruwan ƙasa ya tsufa ke nan, fashewa ta kusa. Sauya shi yanzu ya fi a sauya shi a bakin hanya.

Mayarwa

Shafa ɗan giris a kan kowane zare. Ku ɗaga bambar ku biyu, a fara zura sandunan gefe cikin ramukan fenda, sannan a kama ƙusar tsakiya ta sama. Sa kowane noti da kowace ƙusa da yatsu, zagaye biyu ko uku, kada ka matse ko ɗaya sai duk sun shiga. Sauke fitilun da abin murɗawar nan na hannu, ka rufe bonet a hankali, ka gwada tazarar da hoton da ka ɗauka. Tura bambar dama ko hagu har ta daidaita, sannan ka matse na sama daga tsakiya zuwa gefe, ka bi da na fenda, na ƙasa su zo ƙarshe. Ƙusar milimita 6 ba ta son matsa mai yawa, abin da ke tsakanin Nm 8 da 10 (Nm ma'aunin ƙarfin matse noti ne) ya isa, wato da zarar ta zauna sai ɗan ƙari kaɗan da ƙaramin hannu.

Haɗa wayoyin fitilu, janye hannun kowa daga gaban mota, sannan ka mayar da kan batir. Fitilun suna iya motsawa da kansu a wannan lokacin. Gwada sigina dama da hagu da fitilun gefe tun robar cikin fenda tana buɗe. Ɗaga manyan fitilun ka sauke su, ka saurara ko murfi yana gogar bamba.

Farantin ƙasan nan da mutane ke jefarwa don ƙiwar ɗaure shi, a mayar da shi. Motar ba ta da wata kafar shan iska sai bakin bamba, kuma farantin ne ke tilasta wa iskar ta ratsa lagireto maimakon ta zille ta ƙasa. In babu shi, allurar zafi tana hawa a doguwar tafiya, balle a ƙasa mai zafi da esi a kunne. Mayar da tayoyi, sauke motar, ka matse notocinsu a gicciye zuwa kamar Nm 100, ka sake duba su bayan tafiyar farko.